Rakiyar Baba zuwa Umara ta hanyar Sawakin

A watan Rajab na shekarar 1444, wanda ya kama daga ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu na 2023, na raka abokina da mahaifinsa Umara daga garinmu Maiwurno da ke ƙasar Sudan, kuma ta ruwa muka tsallaka, daga Sawakin zuwa Jidda. Ni da abokin nan tun muna makarantar allo muke tare, mahaifinsa kuwa Baba nake ce masa kamar yadda 'ya'yansa suke ce masa, domin a gabansa na tashi. Shekarunsa sun haura 70, yana fama da ciwon suga da hawan jini, gwiwoyinsa kuma ba sa barin sa ya yi doguwar tafiya a ƙasa. Saboda haka abokina ya so a biya masa kuɗin jirgin sama daga Hartum, a sauka Jidda cikin abin da bai wuce sa'a biyu ba, amma Baba ya ƙi. Kakansa yana cikin jama'ar da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka nufo gabas da niyyar Makka, suka yada zango a bakin Nilu kudu da Sinnar, zangon ya zama gari, shi kuwa kakan ya rasu bai ga teku ba. Baba ya ce wa ɗansa: "Hanyar da ya nufa ita zan bi, in Allah Ya yarda." Da magana ta kai nan babu wanda ya sake jayayya, sai dai aka ga cewa mutum ɗaya ba zai iya tura keken dattijo ya kama layi ya kuma lura da kaya a lokaci guda ba, wannan ne ya sa na shiga tafiyar.

Aikin farko shi ne takardu, kuma ya fi cin lokaci fiye da tafiyar kanta. Fasfon Baba ya daɗe da ƙarewa, ga shi ba a ba mutum bizar Umara sai fasfonsa yana da sauran wata 6 ko fiye, don haka muka kai shi Sinja, babban birnin jiharmu, da lambarsa ta ɗan ƙasa. Hoto bai ba mu wahala ba. Wurin ɗaukar zanen yatsu ne aka tsaya, domin shekarun da Baba ya yi yana riƙe fartanya a gonar bakin kogi sun shafe zanen yatsunsa, na'urar ta ƙi karantawa. Ma'aikacin ya sa ya hura iska a yatsun, ya sa ya goga su a goshinsa don su ɗan ɗauki maiƙo, ya riƙa danna su ɗaya bayan ɗaya a kan gilashin da hannunsa, har na'urar ta karɓa. Daga nan sai allurar sanƙarau da ta shawara, waɗanda ake rubutawa a katin nan rawaya. Saudiyya tana so a yi ta sanƙarau aƙalla kwana 10 kafin isowa, saboda haka wanda ya bar ta sai ana gobe tafiya ya jawo wa kansa matsala a bakin jirgi.

Bizar kanta ta hannun kamfanin jigilar masu Umara ta fito, takarda ce da aka buga daga kwamfuta, mai wa'adin kwana 90, muka biya kuɗin ta manhajar banki ta Bankak, abokina kuma ya sauke manhajar Nusuk a wayarsa don neman izinin Umara da na shiga Rauda a masallacin Madina. A ganina tambayoyi uku ne ya kamata mai raka dattijo ya nace a kansu kafin ya biya ko kwabo: nisan masauki daga Harami, ko tikitin jirgin na ɗaki ne ko na zaure, da kuma ko ayarin zai fara da Makka ne ko da Madina. Namu da Makka zai fara. A lokacin ban ɗauki wannan tambaya ta ƙarshe da wani nauyi ba sai don batun harami, amma daga baya ita ce ta zama jigon wahalar da muka sha.

Da labari ya bazu cewa Baba zai tafi, sai saƙo ya fara shigowa. Kusan babu unguwa a Maiwurno da ba ta da ɗan'uwa a Makka ko Jidda, wasu tun zamanin iyaye, kuma abin da suke kewa a can ba ya wuce kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji. Baba bai mayar da kowa ba, amma ya kafa sharaɗi guda: duk ƙunshin da aka kawo sai an kwance shi a gabansa ya ga abin da ke ciki, sannan a ɗaure. Wata maƙwabciya ta ji haushin haka, ta ce ai an san juna. Ya amsa mata da cewa: "Hajiya, an san juna a nan, amma kwastan na Jidda bai san mu ba." Gaskiya ya faɗa, domin hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma an sha jin bayin Allah da suka shiga uku saboda ƙunshin da ba su san cikinsa ba. Kowane saƙo ya rubuta sunan mai shi da ajami a jikinsa, ya kuma rubuta a wani ɗan littafi wanda ya aiko da wanda za a kai wa da unguwar da yake.

Hanyar mota ba ta da wani abin mamaki ga wanda ya saba da ita. Daga Sinnar muka hau bas zuwa garin Wad Madani, muka haye gadar Hantub, muka bi ta Fau zuwa Gadarif, ƙasar dawa da riɗi, sannan Khashm al-Girba, muka kwana a Kasala a gidan wasu dangin Baba, duwatsun Taka suna tsaye a kan garin. Washegari muka kama doguwar hanyar da ta haura kilomita 500, ta Durdeb da Haya da Sinkat, inda sanyi ya sa kowa ya jawo mayafi, daga nan motar ta gangara ta cikin tsaunuka tana lanƙwasa har muka hango ruwa. Abin da ya fi damun mu a hanya shi ne cin abincin Baba a kan lokaci, domin direba ba ya tsayawa sai inda ya saba tsayawa, mai ciwon suga kuwa ba ya jiran direba. Abokina ya riƙe dabino da gurasa da ruwa a wata 'yar jaka a cinyarsa tun daga gida, ni kuma na riƙe takardunmu duka a jakar da na rataya a wuya ƙarƙashin jallabiya.

A Sawakin aka shaida mana cewa jirgi ba zai tashi a ranar da aka sa ba, saboda iskar arewa ta tayar da teku, abin da yakan faru a lokacin sanyi. Muka kama gadajen igiya a wani masauki mai rumfa, inda mutane daga Darfur da Kurdufan da Jazira suke kwance jere da juna, kowa da kayansa a ƙarƙashin gado. Jinkirin ya ba mu damar kai Baba tsohon garin da ke kan tsibiri. Gidajen an gina su ne da dutsen murjani da ake haƙowa daga teku, kuma tun da Turawan Ingila suka gina tashar Bur Sudan a farkon ƙarni na 20, wajen kilomita 60 arewa da nan, fatauci ya koma can, aka bar gidajen suna zubewa. Yanzu galibinsu tarin farin dutse ne, in ban da masallatai biyu da Turkawa suka gyara, na Hanafiyya da na Shafi'iyya. Keke ba ya tafiya a kan wannan ƙasa, don haka muka riƙe Baba ta kafaɗu biyu har bakin ruwa. Ya daɗe yana tambayar wani dattijo mai kamun kifi inda jiragen katako na alhazan da suke tsayawa, da yadda ake tsare mutane a killace kafin a bar su su hau. Da yamma muka ci naman da mutanen gabas suke gasawa a kan duwatsu masu zafi da aka jera bisa garwashi, muka sha gahawa mai citta.

A wannan jira ne zif ɗin tsohuwar jakar Baba ya fashe, saboda nauyin saƙo. Muka shiga kasuwa muka sayi sabuwa, baƙa, mai taya, irin wadda aka jibge a gaban kowane shago, muka saya mata kwado da shuɗiyar igiya daga hannun mai shagon, muka rubuta sunan Baba da lambar waya a farin salatif muka liƙa a murfin. Cikinta aka zuba saƙo duka da ɗan littafin da tufafin Baba da tabaronsa na karatu da babban kason magungunansa. Na hanya kawai ya rage a aljihunsa, wanda aka ƙidaya daidai da tafiyar da ba a san za ta ƙara tsawo ba.

Ranar tashi tun da hantsi muka isa ƙofar tashar Usman Digna. Matafiyi yana bin matakai ne ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne da layinsa: a nuna tikiti da fasfo a ƙofa, a auna kaya, a bi ta kwastan, a duba katin allura, sannan jami'an shige da fice su buga hatimin fita. Babban kaya yana rabuwa da mai shi tun daga wurin awo, ana loda shi a manyan motoci da ke shiga da shi cikin jirgin, ba kuma za ka sake ganin sa ba sai a Jidda. A nan amfanin mutum uku ya fito fili. Ni na riƙa shiga layi da fasfo uku, abokina yana zaune da Baba a inuwa, sai an kusa zuwa kaina in yi masa alama ya turo keken. Mutanen layin ba su taɓa hana mu ba, sau da yawa ma su suke kiran jami'i su ce ga dattijo a fara da shi. Duk da haka sai bayan la'asar bas ya kwashe mu zuwa gindin jirgin, muka shiga ta babbar ƙofar baya wadda ake saukewa ta zama gada, wasu samari biyu da ba mu sani ba suka taya mu ɗaga Baba da kekensa a matakala.

Mun kama wa Baba ɗaki mai gadaje, kuma duk wanda zai kai tsoho ta wannan hanya ina ba shi shawara kada ya yi tsumulmular wannan kuɗi. Zauren jirgin cike yake da jama'a, wasu a kujeru wasu a shimfiɗe a ƙasa, kuma da jirgin ya fita daga mashigin Sawakin bayan isha'i ya fara tangaɗi, jiri da amai suka kama mutane da yawa. Baba bai yi amai ba, amma ya kasa cin abinci, wanda ya sa abokina bai runtsa ba, yana ba shi shayi da gurasa kaɗan-kaɗan. Ni na hau sama inda iska take, na tarar da muhawara ta kaure a kan harami. Wasu sun riga sun ɗaura tun daga tasha suna ta talbiyya, wasu suna cewa sai an ji sanarwa a tsakiyar teku. Wani malami daga Kasala ya yi bayani a natse cewa malaman fiƙihu sun ambaci Sawakin da sunanta a littattafansu: wanda ya taso daga can ya miƙe zuwa Jidda yakan isa Jidda kafin ya yi daidai da miƙatin Juhfa ko na Yalamlam, saboda haka a Jidda yake ɗaukar harami, wanda kuma ya riga ya ɗaura haraminsa ya ɗauru. Abin da Baba ya karanta ke nan tun a gida, a kansa muka tsaya.

Gari ya waye muna hango gine-ginen Jidda, amma ba a bar kowa ya sauka ba sai da rana ta ɗaga. Bas ya kai mu babban zauren tashar, aka ɗauki hoto da zanen yatsu, yatsun Baba suka sake gardama har sai da ya goga su a goshi kamar yadda aka koya masa a Sinja. Bayan an buga mana hatimi muka fita wurin kaya, inda aka zube jakunkunan jirgi guda a fili ɗaya, baƙaƙe masu taya sun fi kowane iri yawa, rabinsu ɗaure da shuɗiyar igiya. Shugabannin ayari suna ta kiran mutanensu, direbobin bas suna matsa ƙaho. Abokina ya hango jaka mai kwado irin namu da ɗaurin igiya irin namu, da tabon farin salatif a murfi inda takardar ta ɓalle saboda laimar cikin jirgi, ya ɗaga ta ya ji nauyin ya yi daidai, kwastan suka wuce da ita ta na'ura ba su buɗe ba. Muka yi wanka muka ɗaura harami a nan tashar, muka yi niyya, bas ya kama hanyar Makka, wajen kilomita 80, ta shingen Shumaisi da ƙarƙashin babbar ƙofar nan mai siffar Alƙur'ani a buɗe. Baba yana talbiyya har muryarsa ta dushe.

A masaukinmu da ke Misfala ne abin ya bayyana. Maganin aljihun Baba ya ƙare tun a jirgi, abokina ya ɗauko mabuɗi don ya ciro na cikin jaka, mabuɗin ya shiga kwadon amma ya ƙi juyawa. Da muka duba da kyau sai muka ga ɗaya daga cikin tayoyin yana da tsaguwa, namu kuwa sabo ne fil, sannan wani ƙamshin humra da sandal yana fitowa ta bakin zif, alhali babu turare ko ɗigo a kayanmu. Abokina ya ce a fasa kwadon a gani. Baba ya ce: "A'a, ɗana. Kayan mutane ne, ba a buɗe su sai da shaidu, kuma muna cikin harami, ga turare. A ajiye ta gefe." Na lura cewa ko sau ɗaya bai ambaci maganinsa ba. Abin da yake ta maimaitawa shi ne amanar mutane, da cewa littafin ma yana ciki, yanzu ko sunayen waɗanda suka aiko ba zai iya kawowa duka ba.

Magani muka fara nema, domin shi ne ba ya jira. Mai kantin magani a titin Ibrahim Khalil ya ce ba zai iya ba mai suga da hawan jini ƙwaya a kan kwatancen launi da girma ba, kuma ya yi daidai. Muka sayi layin waya na Saudiyya, abokina ya kira matarsa a Maiwurno, ta shiga ɗakin Baba ta tono tsofaffin kwalayen da bai zubar ba da takardar likita, ta ɗauki hotonsu ta turo ta WhatsApp. Da haka aka gane sunan kowane magani da ƙarfinsa, aka auna sugan Baba a nan kantin, aka ba mu abin da zai riƙe shi. Tun daga ranar duk wanda ya ce mini zai yi tafiya da mara lafiya, abin da nake fara gaya masa shi ne ya ɗauki hoton kwalayen magani a waya, maganin kuma kada ya rabu da jikinsa ko da jami'i ya ce jakar hannu ta yi nauyi.

Cikin dare, da zafi da cunkoso suka ragu, muka shiga Harami ta ƙofar Sarki Abdul'aziz. Masu keke a bene suke ɗawafi, inda zagayen ya fi na ƙasa faɗi nesa ba kusa ba, don haka muka riƙa karɓeɓeniya, ni zagaye ɗaya abokina ɗaya. Da Baba ya fara ganin Ka'aba ya ce mu tsaya, ya yi wa kakansa addu'a da sunansa, da sauran waɗanda suka taso tare ba su iso ba. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa bakwai ɗin sun kai kusan kilomita 3, muka gama gab da asuba, aka yi mana aski a shagunan da ke wajen Marwa, muka kwance harami.

Bayan mun huta, shugaban ayarinmu da mai kula da masauki suka zo suka tsaya, aka fasa kwadon a gabansu, ni ina rubuta duk abin da aka ciro. Akwai lafaya guda biyu, kwalaben humra, itacen sandal, ɗanyen kofi a ƙaramin buhu, citta, ƙaramin turmi na katako, da tulun gahawa na yumɓu an naɗe shi da tsumma an cusa shi cikin gwangwani don kada ya fashe. A aljihun gefe muka sami katin asibiti na wani mutumin Kasala da lambar waya a bayansa. Lambar a kashe take, tun da layin Sudan ne, mai shi kuwa yana Saudiyya. Ƙasa da ita akwai wata lambar da aka rubuta da biro, muka kira, wani saurayi ya ɗauka a Kasala, ɗan mutumin ne. Ya ce mahaifinsa da mahaifiyarsa sun hau jirgin da muka hau, amma da wani kamfani dabam, kuma ayarinsu daga tasha Madina suka wuce kai tsaye. Ashe jakar Baba tana can fiye da kilomita 400 daga inda muke. Shugaban ayarinmu ya sanar da ofishin kamfani, aka ce za a bincika, amma ba a sa mana rana ba.

Baba ya tuna sunan mutum ɗaya cikin masu saƙo ba tare da littafi ba, wata dattijuwa 'yar Maiwurno da ta daɗe a Shara Mansur, ya ce mu kai shi ya ba ta haƙuri da bakinsa. Shara Mansur unguwa ce da za ka yi yini kana jin Hausa a kan titi, ga masu tuwo da masu fura, kuma tambaya biyu kawai muka yi aka nuna mana gidan. Ta saurari Baba har ya gama, sannan ta ce: "Malam, kuka ce fa da daddawa, ba rai ba. Ka iso lafiya, shi ne saƙon." Sai ta aika aka kira ɗanta, wanda yake tuƙa motar haya tsakanin Makka da Madina, ta ce masa ya ɗauki jakar bayin Allah nan ya kai musu, ya karɓo ta Malam. Baba ya yi jim, na kuma san abin da yake tunani, wato miƙa kayan wani ga wanda bai sani ba. Saurayin ya gane, ya ce: "Baba, a ba ni takardar da aka rubuta kayan, in na isa zan kira ku ta bidiyo a ƙirga a gabanku."

Haka aka yi. Ɗan mutumin ya turo mana lambar wani da ke cikin ayarinsu, Bahaushen Kasala, wanda ya zama tafinta, domin mai jakar Bahadandawe ne, wato ɗan ƙabilar Hadandawa ta gabashin Sudan, kuma Larabcinsa kaɗan ne. Da daddare wayar abokina ta yi ƙara, muka ga dattijo dogo mai farar riga da baƙar falmaran a harabar wani masauki a Madina, jakarsa a buɗe a gabansa, direban yana karanta takardata shi kuma yana taɓa kaya ɗaya-ɗaya. Da ya zo kan tulun gahawar ya ciro shi daga gwangwani, ya juya shi ta kowane gefe, ya ga bai tsage ba, sai ya ɗaga shi ga wayar yana magana da sauri. Tafinta ya ce yana cewa tun da ya sauka bai sha gahawar kirki ba. Su ma a nasu ɓangaren sai da suka tara shaidu kafin su fasa namu kwadon, suka ga ƙunshi-ƙunshi da rubutu da harufan Larabci amma ba wanda ya gane abin da aka rubuta, har sai da aka kira wannan Bahaushe ya karanta ajamin, ya ce musu kayan mutanen Maiwurno ne. Lambar da ke littafin ta gida ce ta wani wanda ya aiko da saƙo, sun yi ta kira ba ta shiga.

Jakar ta iso mana washegari, direban ya ƙi karɓar ko riyal ɗaya, ya ce mahaifiyarsa ce ta aike shi. Baba ya sa tabaronsa, ya buɗe littafin, ya bi saƙon ɗaya bayan ɗaya yana sa alama, babu abin da ya ɓata. Rabon saƙon ya ci mana kwanaki, tsakanin Shara Mansur da Jarwal da Hindawiyya, na Jidda kuma masu shi suka zo da kansu, kowane gida sai an ajiye mana abinci an tambayi labarin wane da wance.

Da ayarin mutanen Kasala ya iso Makka, dattijon ya nemi masaukinmu ya zo da matarsa da tafintansa. Masauki ba ya yarda a hura wuta, saboda haka a tsakar gidan dattijuwar nan ta Shara Mansur aka zauna. Ya soya kofin a kan garwashi har ya yi baƙi, ya zagaya da shi kowa ya shaƙi hayaƙin, ya daka a turminsa tare da citta, ya zuba a tulun ya ɗora a wuta, ya toshe bakin da zaren kaba don tacewa, sannan ya riƙa tsiyayawa a ƙananan finjalai. Na Baba bai sa masa sukari ba, domin ya ga magungunan da ke jakar ya kuma tambayi tafinta ko na mene ne. Shi da Baba ba su da harshen da ya haɗa su sosai, amma sun zauna tun la'asar har aka kira magariba, tafinta yana kai magana yana dawo da ita, a kan ruwan kogin Gash na Kasala da ruwan Nilu da farashin dawa.

Bayan mun yi ziyarar Madina muka dawo Jidda, kafin mu shiga tasha abokina ya sayi farin fenti ya rubuta sunan Baba da na garinmu da manyan harufa a gefe biyu na jakar. Jirginmu ya riga nasu tashi, amma dattijon ya riga ya kira ɗansa, wanda ya tare mu a tashar motar Kasala ya hana mu sauka a ko'ina sai gidansu. Daga nan zumunci ya ɗore ta waya, da aiken kofi daga can da mangwaro daga nan idan an sami mai zuwa.

A ƙarshen watan Yuni na 2024 yaƙin da ya ɓarke a Hartum tun Afrilun 2023 ya iso jihar Sinnar, Sinja ta faɗi, jama'a suka yi ta tserewa gabas zuwa Gadarif da Kasala. Ni na tsaya a Gadarif wurin dangin matata. Abokina ya wuce da Baba da mata da yara zuwa Kasala, inda gidajen dangi suka riga suka cika maƙil da waɗanda suka gudo daga Madani tun watan Disamba. Dattijon nan ya kwashe awakinsa daga rabin filin gidansa, shi da 'ya'yansa suka kafa rumfuna biyu na tabarma, ɗansa kuma ya riƙa kai Baba asibiti a kan babur duk wata don awon suga, har lokacin da hanya ta buɗe suka koma Maiwurno.